An yi wa laftof ɗina fomatin, yanzu tana neman lasisin Windows: mi zan yi?

Wani ƙanena ɗalibi da ke zaune Mabera, a nan Sakkwato, ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan da ya sayi laftof 'yar Beljiyam, ta zo da Windows 10, bai taɓa ganin wata matsala ba. Da ta fara nauyi sai ya kai ta wani shago aka yi mata fomatin, aka ɗora mata Windows 11 Pro. Tun ranar wani rubutu mai dishi-dishi ya tsaya a kusurwar allo ta ƙasa, hannun dama, yana cewa "Activate Windows", wato a tabbatar da lasisin Windows, ko hoton fuskar allo ba ya iya canzawa. Mai shagon ya ce ya kawo ɗan abin da ya samu a sa masa kirak, wato manhajar da ke yaudarar Windows ya ɗauka yana da lasisi, wani abokinsa kuma ya ce ya sayi makulli, wato lambar lasisi, mai araha a intanet. Yana tambaya wanne ya fi, kuma ko aikin furojet ɗinsa na cikin haɗari.

Ƙanena, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Na fi shekara goma ina gyaran kwamfuta a garin nan, kuma mafi yawan laftof ɗin da ake kawo mini da wanga rubutu suna da lasisinsu na halas, wanda aka riga aka biya kuɗinsa tun ranar da aka ƙera su. Ba ɓacewa ya yi ba. An dai ɗora musu Windows ɗin da ba nasu ba ne. Furojet ɗinka kuma babu abin da zai same shi: Windows ɗin da ba a tabbatar da lasisinsa ba yana buɗe fayil, yana shiga intanet, yana karɓar sabuntawar tsaro. Abin da yake hana ka shi ne canza hoton allo da launuka da makamantansu, sai kuma rubutun nan da ke tsone ido. Saboda haka kana da lokaci, zauna mu bi abin a hankali.

Mutane da yawa sun ɗauka lasisin yana cikin had disk ne, in an goge disk an goge shi. Da can akwai ƙamshin gaskiya a nan. A zamanin Windows 7 makullin yana rubuce jikin wata 'yar takarda mai ƙyalli da ake mannawa a ƙasan laftof ko a ramin batir, haruffa da lambobi 25, kashi biyar, kowane kashi guda biyar. In ka yi fomatin sai ka sake kwafe shi da hannu, in zafi da gumi sun cinye rubutun kuma shi ke nan. Amma tun da Windows 8 ya fito a 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka koma dasa makullin a cikin bod ɗin kwamfutar, wato babban faifan cikinta da sauran kaya ke haɗe da shi, a wurin da muke kira BIOS. Ko disk goma ka canza, yana nan.

Da Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli, 2015, sai aka ƙara wani abu da ake kira lasisin dijital. Ranar farko da kwamfuta ta tabbatar da lasisinta, Microsoft na ɗaukar wata shaida ta kayan cikinta, musamman bod, ta ajiye a sabobinta, wato manyan kwamfutocinta da ke intanet, kamar yadda ake ɗaukar hoton yatsa wajen rajistar katin ɗan ƙasa. Duk ranar da wannan kwamfutar ta sake hawa intanet da sabon Windows, sai a duba a gane ta, lasisin ya dawo da kansa ba tare da ka rubuta ko harafi ɗaya ba. Lasisin Windows 10 kuma yana aiki a kan Windows 11, ba a sake biya.

To in haka ne, me ya sa taka ta ƙi?

Domin lasisin ba na Windows kawai ba ne, na wani nau'in Windows ne. Akwai Home, akwai Home Single Language, akwai Pro, akwai Education da Enterprise. Kwamfutar da aka yi wa rajista da Home, in ka ɗora mata Pro, Microsoft za ta duba littafinta ta ga ba ta san wannan kwamfutar da Pro ba, sai ta ƙi. A nan ne mu masu gyara muke da laifi, kuma gara in faɗa a fili. Da yawanmu filash ɗaya gare mu, Pro ne a kai, shi muke ɗora wa kowa, saboda kwastoma na jin daɗin ganin kalmar Pro, yana ganin an yi masa babban aiki. Alhali ɗalibi mai rubuta furojet da kallon darasi da shiga fotal ɗin makaranta ba zai taɓa ganin bambanci tsakanin Home da Pro ba. Ƙarin da ke cikin Pro na ofisoshi ne, irin haɗa kwamfutoci ƙarƙashin sabar ma'aikata da shiga kwamfuta daga nesa. Ba ka faɗa mini samfurin laftof ɗinka ba, amma ga abin da na saba gani: EliteBook da ProBook da Latitude da ThinkPad galibi da Pro suke zuwa, su kuma Pavilion da Inspiron da IdeaPad galibi da Home. In taka na cikin kashi na biyu, kusan na san ciwon tun ban gan ta ba.

Kafin mu kai can, fara da abu mafi sauƙi. Kunna hotspot na wayarka, haɗa laftof ɗin, ka bar ta 'yan mintuna. Wasu shagunan suna gama fomatin ba tare da sun taɓa haɗa kwamfutar da intanet ba, ita kuwa ba ta da yadda za ta gabatar da kanta. Data kaɗan tabbatarwar ke ci, sabuntawar da za ta biyo baya ce mai cin data, don haka in kana tattali ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka kunna "Metered connection". Sannan ka dubi kwanan wata da agogon da ke kusurwar allo. Akwai wani ɗan batiri a jikin bod mai kama da kwabo, batirin CMOS, shi ke riƙe agogo idan an kashe kwamfuta. A tsofaffin laftof yakan mutu, zafinmu na watan Afrilu da Mayu kuma ba ya raga wa batiri ko wane iri ne. In ya mutu sai kwamfuta ta farka tana zaton shekarun baya ake, sabar Microsoft kuwa ba ta amsa wa mai kwanan wata na bogi. Kuskuren da yakan fito a nan shi ne 0x80072F8F. Gyara kwanan wata, zaɓi yankin lokaci na West Central Africa, ka sake gwadawa. Na sha ganin wanda ya hau kabu-kabu tun daga Arkilla ya zo shagona hankali a tashe, ciwon nasa bai wuce wannan ba.

In ba a dace ba, shiga Settings, ka shiga System, ka shiga Activation. A Windows 10 hanyar ita ce Settings, Update & Security, Activation. Can za ka ga nau'in Windows ɗin da ke kai da lambar kuskure. Rubuta lambar a takarda, ita ce ke gaya mana inda ke ciwo. Akwai kuma maɓallin Troubleshoot, wanda ba ya fitowa sai lasisi bai tabbata ba. Danna shi. Wani lokaci shi da kansa zai ce maka ya samu lasisin dijital na Windows Home a kan wannan na'ura, amma Pro ne a kai. In ka ga haka, tambayarka ta amsu.

Yanzu sai mu leƙa cikin bod mu ga ko akwai makulli. Danna Start da maɓallin dama na maus, zaɓi Terminal ko PowerShell mai ikon Admin, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

(Get-CimInstance -ClassName SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In haruffa 25 suka fito, wannan makullinka ne, naka na halas, da kuɗinka ka saye shi tare da laftof ɗin. Rubuta shi a littafi ka ɓoye, kada ka ɗauki hotonsa ka tura guruf ana tambaya. In kana son sanin na wane nau'i ne, sake rubuta umarnin, amma ka canza kalmar ƙarshe zuwa OA3xOriginalProductKeyDescription. In ka ga kalmar Core, Home ke nan. In ka ga CoreSingleLanguage, Home Single Language ne. In Professional ya fito, Pro ne, kuma aikinka ya zo da sauƙi: koma shafin Activation, danna "Change product key", zuba makullin, an gama. In kuma babu abin da ya fito sai fili, kada gabanka ya faɗi. Wataƙila laftof ɗin ta zamanin Windows 7 ce da aka ɗaga zuwa 10, lasisinta na dijital ne kawai, yana can wajen Microsoft.

A ce Home ne ya fito, wanda shi na fi zato. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka biya Microsoft kuɗin ɗagawa daga Home zuwa Pro, dala 99 a farashin Amurka, wanda ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya yi ba. Ko kuma a sake fomatin a ɗora Home, wanda shi ne shawarata. Microsoft ba ta tanadi hanyar saukowa daga Pro zuwa Home ba tare da sabon girki ba, wato a goge a ɗora Windows daga farko, don haka sai an sake. Na san da ciwo, amma yini ɗaya ne, kuma daga shi ka huta.

Ka iya yi da kanka. Kwashe fayilolinka zuwa wani filash ko disk na waje, furojet ɗin nan kuma ka tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive, ya zama yana wuri biyu. Nemi filash mai aƙalla gig 8 wanda babu komai a ciki, domin za a goge shi. Sauke Media Creation Tool, manhajar da za ta ɗora Windows a filash ɗin don ka yi girkin da shi, daga shafin Microsoft kansa, ba daga wani guruf na Telegram ba. Saukewar na cin gig da dama, sai ka nemi inda ke da Wi-Fi ko ka jira datar dare, kuma ka tabbata batirinka cike yake ko akwai wuta tsayayya. In bod ɗinka na da makulli, girkin asali ba zai ma tambaye ka komai ba, da kansa zai karanta makullin ya zaɓi nau'in da ya dace. Wannan ne ya sa nake cewa a yi amfani da na asali: filasan da ke yawo a shaguna sau da yawa an taɓa su don su tsallake wannan matakin. In kuma ya tambaye ka makulli, danna "I don't have a product key", sannan ka zaɓi nau'in da ke kan laftof ɗin tun asali. Da ta hau intanet za ta gane kanta.

In ka fi son mai shagon ya yi, koma wurinsa da girmamawa. Ka ce, "Malam, na duba, lasisin Home ne a bod ɗin, don Allah a mayar mini da Home." Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba, kuma bai kamata ya sake cajin ka cikakken kuɗi ba.

Akwai wata fuska ta daban da ta shafi kayan Beljiyam musamman, kuma ita ce ta fi ba ni wahalar bayyana wa mutane. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke shigo mana daga Ingila da Amurka na kamfanoni ne da makarantu da suka sabunta kayansu suka sayar da tsofaffin. Irin waɗannan ma'aikatu ba sa sayen lasisi ɗaya-ɗaya, na sari suke saye, kuma suna da wata saba a cikin gida da ake kira KMS wadda ke tabbatar wa kwamfutocinsu lasisi na kwana 180. Muddin kwamfuta na cikin ma'aikatar, takan koma wajen sabar duk mako ta sabunta, ba wanda ke lura. Da ta bar can ta iso Sakkwato, sai ta yi ta neman sabar da ba za ta ƙara gani ba. In kwanakin suka kusa cika sai ka ga saƙo yana cewa "Your Windows license will expire soon", ko kuskure 0xC004F074. Lasisin ba naka ba ne tun farko, na ma'aikatar ne, kuma bai biyo laftof ɗin ba. Abin daɗin shi ne, da yawan irin waɗannan kwamfutocin suna da makullin Pro na masana'anta kwance a bod, ƙarƙashin Enterprise ɗin da ma'aikatar ta ɗora. Umarnin nan na sama zai fito da shi.

Don ka san irin lasisin da ke kan kowace kwamfuta, akwai umarni biyu gajeru da nake so ka haddace. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /xpr. In ƙaramin akwati ya fito yana cewa "permanently activated", lasisin na dindindin ne. In ya ba ka kwanan watan ƙarewa, na aro ne. Na biyun shi ne slmgr /dli, wanda ke nuna hanyar da lasisin ya fito. OEM_DM na nufin na masana'anta ne, daga bod. RETAIL na nufin wanda aka saya daban, ko da yake kwamfutocin da ke kan lasisin dijital su ma sukan nuna haka, da makullin gama-gari mai ƙarewa da 3V66T a Pro ko 8HVX7 a Home, saboda haka kada ka kwafe wannan ka ɗauka ka samu makulli. In kuwa ka ga VOLUME_KMSCLIENT a laftof ɗin da ba ta wata ma'aikata ba, to ko dai ragowar tsohon gidanta ne, ko an sa mata kirak. Duk ranar da za ka sayi laftof ta hannu, ko za ka raka wani saye, ka buga waɗannan biyun a gaban mai sayarwa kafin ka ƙirga kuɗi. Minti ɗaya ne.

Mu zo kan kirak ɗin da aka yi maka tayi. Yawancinsu dabara ɗaya suke yi: su dasa sabar KMS ta ƙarya a cikin kwamfutarka, ko su juya ta zuwa wata saba a intanet da ba ka san mai ita ba, Windows ya ɗauka yana cikin wata ma'aikata. Rubutun zai ɓace, ba musu. Amma ka tsaya ka kalli yadda ake sa shi. Abu na farko da mai sawa zai yi shi ne ya kashe Windows Security, domin in bai kashe ba za a kama fayil ɗin a goge. Sannan ya ba shirin cikakken iko a kan kwamfutar. Wato ka sallami mai gadi, ka miƙa wa baƙo makullin ɗaka. Masana tsaron kwamfuta sun sha gano ɓarayin manhajoji masu kwashe kalmomin sirri da aka cusa cikin kwafin KMSpico, wani sanannen kirak, da ke yawo a intanet. Shi mai shagon ma galibi bai san abin da ke cikin nasa kwafin ba, shi ma wani ya tura masa.

Na ga wannan da idona. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da leshi ta intanet ta kawo mini laftof, fanka na ta kuka ko ba a buɗe komai ba, ƙasanta ya yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Ta ɗauka ƙurar hunturu ce ta toshe ta. Na buɗe na share, ba ta daina ba. Da na duba Task Manager sai na ga wani shiri mai suna kamar na Windows ya riƙe furosesa kusan gaba ɗaya, kuma an saka babban fayil ɗinsa cikin jerin wuraren da aka hana Windows Security dubawa. Na tambaye ta, ta ce watannin baya an sa mata "abin da ke cire rubutun nan". A makon da ta zo an riga an shiga shafinta na Facebook ana tura wa kwastomominta wata lambar asusu da ba tata ba. Kuɗin da ta biya na kirak bai kai na atamfa ɗaya ba, sunan da ta yi shekaru tana ginawa kuwa sai da ta bi mutane ɗaya-ɗaya tana ba su haƙuri. Da muka yi mata sabon girki, makullin Home na nan a bod ɗinta tun fil azal.

Ban da haɗarin, akwai maganar haƙƙi. Mu nan ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan amfani da abin wani ba da izninsa ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya ɗauki wannan nauyi a kan abin da ya riga ya mallaka.

Makullan araha na intanet kuma, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Microsoft na sayar da Windows 11 Home dala 139, Pro dala 199. Wanda ya ce zai ba ka Pro a kuɗin katin waya, ka tambayi kanka daga ina ya samo. Da yawansu makullan sari ne na ma'aikatu da ake yankawa ana sayar wa mutane barkatai, ko waɗanda aka riga aka sayar wa wasu. Wani yakan yi aiki, wani ya yi wata biyu a toshe shi, ka ga 0xC004C003, ko 0xC004C008 mai nufin an yi amfani da shi a kwamfutoci fiye da ƙima. Ranar da hakan ta faru mai sayarwar ba ya ɗaukar waya.

Wani zai ce maka ka nemo tsohuwar laftof mai takardar Windows 7 a ƙasa ka kwafi makullinta. Da wannan yana yi. Kyautar ɗagawa zuwa Windows 10 a hukumance shekara ɗaya aka ba ta, ta ƙare 29 ga Yuli, 2016, amma ƙofar ta zauna a buɗe shekaru bayan nan. A watan Satumba na 2023 Microsoft ta rufe ta. Kwamfutar da ta riga ta samu lasisin dijital ta wannan hanya kafin rufewar tana nan da abinta, amma sabon shiga babu.

Tambayarka ba ta kai nan ba, amma zan ƙara saboda wata rana za ka buƙata. Canza RAM, ko cire had disk a sa SSD, ko canza allo ko kibod ko batir, duk ba sa taɓa lasisi. Bod ne kawai. In wuta ta dawo da ƙarfi ko janareto ya yi wasa bod ya ƙone aka sa wani, a idon Microsoft sabuwar kwamfuta ce, kuma kuskuren da kan fito shi ne 0xC004F211 ko 0xC004F213. Tun sabuntawar watan Agusta 2016 aka ba da damar ɗaura lasisin dijital a jikin asusun Microsoft. In ka shiga kwamfutarka da asusun, shafin Activation zai nuna maka cewa lasisin "linked to your Microsoft account" ne. Ranar da aka canza bod sai ka shiga da wannan asusun, ka danna Troubleshoot, ka zaɓi "I changed hardware on this device recently", ka nuna kwamfutarka a jerin. Wanda ya sayi lasisinsa daban shi ya fi samun biyan buƙata a nan, domin nasa yana tashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Na masana'anta kuwa a ƙa'ida da bod ɗinsa yake rayuwa, da shi yake mutuwa. Sai dai bod ɗin da muke samu a kasuwa yawanci daga wata laftof aka ciro shi, kuma yakan zo da nasa makullin, don haka bayan canji a sake buga umarnin nan a ga nau'in da ya zo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ɗaurin asusun nan ka yi shi ranar da lasisinka ya tabbata, ba ranar da bod ya ƙone ba. Kuma asusunka za ka sa, da imel ɗinka da lambar wayarka. Kada ka yarda a buɗe maka da na mai shago don sauri, na ga waɗanda suka rasa hanyar shiga kwamfutarsu saboda yaron shagon da ya san kalmar sirrin ya bar gari.

Asusun nan yana da wani amfani da ya fi lasisi. Sababbin fitowar Windows 11 sukan kulle disk da BitLocker da kansu in ka shiga da asusun Microsoft, su ajiye makullin buɗewa mai lamba 48 a cikin asusun. In aka taɓa bod ko saitin BIOS, shuɗin allo na iya fitowa yana neman lambar. Wanda ba shi da ita, ba mai gyaran da zai iya ciro masa fayilolinsa, a nan ko a Kano ko a Legas. Shiga asusunka ta waya, nemo lambar, rubuta ta a littafin da ka rubuta makullin.

Tunda za a sake girki, ka duba ko laftof ɗin ta cancanci Windows 11 ma. Yana buƙatar TPM 2.0 (wani sashen tsaro na cikin kwamfuta), RAM aƙalla gig 4, wurin ajiya gig 64, da furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Dubi sunan furosesarka a Settings, System, About: in ka ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce ƙarnin, wato na 8. In i5-6300U ce, na 6 ke nan, kuma an yi dabara ne aka tsallake sharuɗɗan kafin 11 ya hau. Lasisi zai tabbata a hakan, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar sabuntawa ba. Komawa Windows 10 ma ba mafaka ce mai ɗorewa ba, domin tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ƙarin wa'adin tsaro da aka ba mutanen gida kuma na shekara ɗaya ne, zuwa Oktoban 2026. In taka tsohuwa ce irin wannan, kuma aka duba ba ta da lasisi ko ɗaya, ni na fi son in ga ka zauna da rubutun nan a kusurwa har ka kare furojet, ko in ɗora maka Linux Mint, wanda kyauta ne na halas kuma yana tafiya da sauri a tsofaffin inji, da in ga an sa maka kirak.

Abu ɗaya da zai iya ruɗa ka bayan an gama: Word da Excel lasisinsu daban ne da na Windows. In ka buɗe Word ka ga jan layi a sama yana cewa "Product Activation Failed", wannan wata magana ce, kada ka ɗauka aikin bai yi ba. Za ka iya rubutu da Word na cikin burauza kyauta da asusun nan naka, ko ka sauke LibreOffice, yana buɗe fayilolin Word yana kuma ajiyewa a tsarinsu.

Yau da dare, in ka samu caji, gyara agogo, haɗa ta da intanet, buga umarnin nan na bod da slmgr /dli. Turo mini lambar kuskuren da ke shafin Activation, da kalmar da ta fito, Core ce ko Professional, da sunan furosesar. Makullin kansa kada ka turo mini, ni ma ba na buƙatar ganinsa. Allah ya ba da sa'ar furojet.